Tarihin Rayuwata, kashi na 14: sunan da na sha bulala a kansa

Satin da ya wuce na tsaya a inda na sauka Marsai ta ƙasar Faransa, to bari in ɗan koma baya tukunna, don akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ina lakwal a Damagaram. Wani mushe ne, wato malamin makaranta, ya tsayar da ni gaban allo ya ce in rubuta Cazemajou, na rubuta da K yadda kunnena ya ji, ya zuba mini bulala biyar gaban 'yan aji har da mata. Na dawo gida ina kuka, Iya tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce "suna linzami ne, kai dai riƙe naka." Wallahi lokacin haushinta na ji fiye da na mushen.

Duk ɗan Damagaram ya san labarin. Cazemajou kyaftin ne na Faransa, ya iso garinmu a 1898 yana neman hanyar tafkin Chadi, Sarki Amadu Kuran Daga ya yi zargin wurin Rabe, mayaƙin da ke riƙe da Borno lokacin, zai je su haɗa kai, aka kashe shi da tafintansa. Shekara na zagayowa Faransawa suka dawo, aka gwabza a Tirmini kusa da Damagaram a 1899, Sarki ya rasa ransa a wannan shekarar, sannan suka gina barikinsu suka laƙaba masa sunan kyaftin. Iya ba ta taɓa kiran wurin da sunan ba har ta koma ga Allah.

To shekaru sun wuce, aure, rasuwar Baba, rigimar gonar da ba zan sake tonowa ba yau duk da waɗanda suka ci sun san kansu, sai ga ni a Marsai ina neman aikin dako wajen tashar jiragen ruwa, da sanyin safiya hannuna cikin aljihu, na ɗaga kai kawai na ga ƙaramin allo a jikin bango: rue Cazemajou, wato titin Cazemajou. Tsayawa na yi cak har wanda muke tare ya ce ɗan uwa lafiya? Ashe a garin aka haife shi, 1864.

Wani dattijo da muka yi aiki tare daga baya, mutumin kudu maso yamma ne wajen Bordo, shi ya warware mini sunan muna cin burodi da rana. Ya ce ai ba Faransancin Paris ba ne, harshensu ne na can, Gaskon, kuma tushensa Latin: casa gida, major babba. Su ba sa furta r ɗin ƙarshe shi ya sa ya koma maju. Babban gida ke nan! Ya ce a ƙauyukansu na gindin duwatsun Pirene gida ne ke ba mutum suna, ɗan fari ya gaji gidan da sunan gaba ɗaya, wanda ya gina sabo a ce masa Cazenave, wato sabon gida. Cazenave suna da dama, akwai kuma masu rubuta Casamajor, amma Cazemajou ɗin nan ƙalilan ne, ba kamar Martin ba da ya fi kowane suna yawa a ƙasar. Ni dai duk zamana ban taɓa haɗuwa da mai shi ido da ido ba.

Abin ya taɓa ni sosai, don mu ma haka muke, ai har yau a unguwa ba a kirana sai da sunan gidanmu. Suna linzami. Na tuna Iya da rariyarta, na tuna tana hana mu amsa sunan da mushe ya raɗa mana a aji, kuma a ranar ne na fasa gyaran da wani ya ba ni shawarar in yi wa sunana a takardun zama wai don ya yi wa Turawa sauƙin faɗa. Na bar shi yadda Baba ya yanka rago ya raɗa.

Bulalar nan kuwa har gobe ban yafe ba, yaro ɗan shekara tara, a kan harafi ɗaya. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ɗakin da muka kwana mu shida.