Takin da na zuba, rafi ya sha

Ƙannena masu shiga noma, akwai kuskuren da na daɗe ina yi ina ganin dabara ce. Da na ga hadari ya haɗu, sai in yi maza in watsa taki a gona, a zatona ruwa zai shigar da shi cikin ƙasa. Wata rana ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ina fake a gindin bishiya ina kallo. Jan ruwa ya cika tsakanin kunyoyi ya gangara rafi. Da aka ɗauke, na tarar da fararen ƙwayoyin takin sun taru a bakin gona cikin laka.

Harafin P da kuke gani a buhun takin zamani na NPK, fosforas ke nan, sinadarin da ke ƙarfafa saiwa da ƙwaya. Ba ya nitsewa ƙasa da sauri. Mannewa yake yi a jikin ƙasar sama, can inda aka zuba shi. Don haka duk ƙasar da ruwa ya kwashe, da shi take tafiya, wanda bai riga ya manne ba kuma ya narke ya bi ruwan. Ni kuɗina kawai na yi wa kuka a lokacin, ban san ɓarnar ta wuce gonata ba.

Na kuma tara jujin kashin kaji a gangare, dab da rafin, don ya fi mini sauƙin kwasa. Bayan kowane ruwa sai ka ga baƙin ruwa yana tsatsowa daga gindinsa. Damina ba ta ƙare ba tafkin da rafin ke zuba a ciki ya koma kore shar. Fosforas abincin gansakuka ne. Ta yaɗu, ta mutu, ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Na ga kifaye sun taso ciki a sama, ga wari, dabbobi sun ƙi sha. Har yau abin yana damuna, domin ba ni kaɗai ke amfani da ruwan ba. Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne: a watan Agustan 2014, an hana mutanen birnin Toledo da kewayensa a Amurka, kimanin 400,000, shan ruwan famfo na kusan kwana 3, saboda gubar irin wannan gansakuka a tafkin Erie.

Kashin kaji yana da fosforas da yawa. In kana zuba shi kowace shekara don ganye ya yi kore, fosforas taruwa yake yi fiye da abin da shuka za ta ci. A gwada muku ƙasa kafin ku ƙara.

Yanzu binne taki nake yi a gefen shuka, in rufe da ƙasa. In hadari ya yi nauyi, sai in jira ya wuce. Kunyoyina suna gicciye da gangare. Jujin na mayar da shi tudu, na rufe shi. A bakin rafi kuwa na bar layin ciyawar jema ba na nomewa, ita ke tare lakar, duk ƙarshen damina in kwashe ta da shebur in mayar gona.