Abin da aikin magudanan ruwa ya koya mana game da ambaliya a Kano

Ɗauki fuloti ɗaya mai ƙafa 50 a 100, kusan murabba'in mita 465 ke nan. Idan aka sheƙa ruwa mai zurfin milimita 50, irin wanda ake iya samu a dare ɗaya cikin Agusta, lita dubu 23 ce ta sauka a kansa, wato sama da jarka 900 ta 'yan garuwa. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa ce ke shanye mafi yawansa. Yau an rufa kwano, an daɓe tsakar gida da siminti, an shimfiɗa intalok a ƙofa, don haka kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari kwata yake nufa. Kwatar kuwa an auna ta ne tun rabin layin yana kango.

Wannan lissafin ya sa muka daina kallon ambaliya a matsayin aikin hukumar agaji. NEMA da SEMA, hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jiha, suna zuwa ne bayan ɓarna, da tabarmi da buhunan shinkafa. Maganar tana yankewa tun ranar da aka sa hannu a takardar fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, izinin gini kuma yana wajen KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, saboda haka iko dai akwai shi. Inda ake samun tangarɗa shi ne awon igiya: mai gona ya yanka, dillali ya sayar da rani lokacin da kwari ya bushe ƙayau, mai saye bai taɓa ganin wurin da damina ba. Kafin ma'aikaci ya iso da jan fenti gini ya kai linta.

Kududdufan cikin birni su ne asarar da ta fi ci mana rai. Ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan unguwanni. Kududdufi mai faɗin hekta ɗaya, in ya ɗauki ƙarin zurfin mita ɗaya, ya riƙe lita miliyan 10 ke nan, ya kuma sake ta a hankali. Sai a fara zuba masa shara, a bi da ɓaraguzai, bayan 'yan shekaru sai ga shaguna. Ruwan da yake riƙewa yanzu a lokaci guda yake afka wa magudanan ruwa na Jakara da Kwarin Gogau. A ganinmu ya kamata kowane kududdufin da ya rage ya samu lamba da taswira da turaku, a lissafa shi cikin kadarorin gwamnati kamar gada. Gaskiya ne akwai sauro da wari, kuma yara na faɗawa, amma maganin wannan katanga ce da yasa da mafitar ruwa mai raga.

Yasar kwata ma tana da ƙa'ida. Daga ƙasa ake farawa, inda ruwa ke fita, a hauro sama. Wanda ya fara daga sama ya dai tura wa maƙwabcinsa ruwan da sauri. A gama kafin Yuni. Kuma a kwashe abin da aka yaso a ranar, domin tulin yashi da ledar fiya wata da aka bari a bakin kwata ruwan farko ne zai mayar da su ciki, aikin gayya ya tashi a banza. Kwalbatin da yashi ya cike rabinta ba ta ɗaukar ko rabin abin da aka ƙera ta dominsa. In kuma gangaren kwata bai isa ruwa ya yi gudun kusan mita 0.6 a daƙiƙa ba, yashi zai ci gaba da kwanciya ko sau nawa aka yashe. Mafi muni shi ne a rufe magudana da silaf a ɗora shago a kai ba tare da an bar murfin dubawa ba. Wanda ya ga yadda ruwa ya jiƙa dilolin atamfa a Kantin Kwari a Agustan 2022 ya san tsadar toshewar hanyar ruwa.

Akwai wata kalma da ke ruɗar jama'a, wai ambaliyar shekara ɗari. Ma'anarta yiwuwar kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara, kuma a tsawon shekara 30 na zaman gida ta haura kashi 25. Tana iya zuwa bana ta dawo baɗi. Hukumar kula da yanayi ta NiMet da hukumar kula da harkokin ruwa ta NIHSA suna fitar da hasashe kafin kowace damina, sai dai mai gida a Kurna ko Fagge so yake ya ji ko layinsu na ciki, kuma iya ina ruwan zai kai a bango. Wannan sai an bi unguwa da mai unguwa bayan kowane babban ruwa, a auna shatin da ya bari, a sa a taswira, a liƙa a inda dillali da mai saye za su gani.

Rusau kuwa ba ya ɗorewa sai da diyya da wurin komawa, sai kuma an ba filin da aka share wani aiki nan take, ko shuka itatuwa ko filin ƙwallo, in ba haka ba cikin damina biyu wani ya kafa harsashi. Inda tashi ba zai yiwu ba, a ɗaga daɓen ɗaki aƙalla santimita 45 sama da titi, a sa ledar hana danshi a harsashi. Ginin ƙasa daga gindi yake faɗuwa idan ruwa ya kwana a jikinsa, don haka a yi masa layi uku ko huɗu na bulo ko dutse a ƙasa, a kuma miƙa indararo ya zuba nesa da bango.