Cajin tsohuwar Honda: laifin ba na rektifaya ba ne

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana kan babur ɗin da nake farfaɗowa. Ciwonsa biyu ne: yana shanye ruwan batir, kwan fitila kuma ba ya jimawa sai ya ƙone. Duk wanda ya ji haka cewa yake a canja rektifaya, wato na'urar da ke gyara wutar da inji ke samarwa ta daidaita ƙarfinta kafin ta shiga batir. Ni dai na ce sai mitar awon wuta ta yi magana tukuna.

Da inji a kashe, batir ya nuna volt 12.6, wato a cike yake. Na tayar, na ja totur, sai ga mita ta wuce 15. Lafiyayyen caji tsakanin 13.8 da 14.5 yake tsayawa. Abin da ya haura 15 dafa batir kawai yake yi, shi ya sa ruwan ke ƙafewa.

Kwayil, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji, bai ɓata mini lokaci ba. Rawayen wayoyinsa uku sun ba da awo iri ɗaya a tsakaninsu, ƙasa da ohm ɗaya (ma'aunin turjiyar waya), kuma babu wadda ta taɓa jikin inji.

Inda gizo ke saƙar shi ne baƙar wayar rektifaya. A tsarin Honda, ja tana zuwa batir, koriya ita ce ars, wato wadda ke haɗe da jikin babur, baƙa kuwa tana ɗauko wuta bayan makulli, kuma da ita rektifaya ke gane ƙarfin batir. To wutar nan sai ta ratsa fis, ta ratsa makulli da soket-soket kafin ta iso. Kowace mahaɗa mai tsatsa tana cin nata kaso. Na ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir, ɗaya a baƙar wayar, fitila a kunne: kusan volt ɗaya ya ɓace a hanya. Ka ga ke nan rektifaya tana ganin 14.3 alhali batir na shan sama da 15. Aikinta take yi daidai, ƙarya ake faɗa mata.

Da na buɗe gindin makullin, farantan tagullar ciki sun yi kore-shar, ga wani tsohon giris da ya daskare kamar ƙaro. Na goge su, na matse bakin soket ɗin da ya saki, na kankare mazaunin fis. Asarar ta sauko 0.2, caji ya tsaya 14.4 ko an ja totur.

Ba kowane tsohon babur ke da wannan wayar ba, don haka ku duba taswirar wayoyin naku. Honda CB750 ta 1969 regileta (mai daidaita caji) gare ta mai fwayin, wato 'yan ƙarafa masu haɗewa da rabuwa, ana iya saita ta da hannu. Tsofaffin baburan Ingila masu kayan wutar kamfanin Lucas kuwa, wata 'yar na'ura da ake kira Zener ce ke zubar da rarar wuta, kuma da yawansu bangaren fositif ne ars. Wanda ya haɗa batir yadda ya saba, zai ji ƙauri.

Zafin rektifaya ma kada ya tsorata ku. Maganaɗisun da ke juyawa a jikin kwayil ba ya rage ƙarfi, don haka rarar wutar mayar da ita ƙasa ake yi, ta zama zafi. Sababbin samfurin rektifaya da ake kira MOSFET sun fi sanyi, amma ban ga dalilin cire mai lafiya ba. Iska kawai take so, da ars mai tsabta.

Saura batir ɗin da ya sha dahuwa. Na cika shi da tataccen ruwa, ban ƙara asid ba, yana kan caji a hankali da wutar da ta kai kashi ɗaya cikin goma na adadin amfiya (Ah) da aka rubuta a jikinsa. In ya huta dare guda ya sauka ƙasa da 12.4, sabo zan sa.