Abin da Na Koya a Layin 'Yan Amshi

A Aboabo, unguwarmu a birnin Kumasi na Gana, idan yaro ya ɗauko baitin bege a wajen maulidi ya kai shi ƙarshe lafiya, tsofaffi sukan kaɗa kai su ce, "Wannan baiwa ce, Allah ne ya ba shi." Idan wani ya ɗauko ya goce, sai a kwashe da dariya a ce ba shi da murya, ya koma baya ya yi tafi. Daga ranar an gama yanke masa hukunci. Ina cikin waɗanda aka yanke wa irin wannan tun ina makarantar allo, kuma na riƙe shi a matsayin gaskiya har na girma, na koyi ɗinki, na buɗe shago. Yau ina jan baiti a maulidi da walimar aure da suna, daga Asawase zuwa Sawaba, wani lokaci har a ɗauke mu zuwa Nima ko Madina a Accra, da muryar nan da aka ce babu.

Ba don muryata aka kira ni ba. Ƙungiyar masu bege ta layinmu ce ta rasa 'yan amshi. Samari sun watse, wasu sun tafi Accra neman kuɗi, wasu sun bi hanyar Libiya, ga watan Rabi'ul Awwal ya ƙarato. Wani abokina ya ja ni don a cika layi. Na gaya wa dattijon da ke jagorantarmu, wanda duk muke kira Baba, cewa ni fa ba ni da murya. Ya ce, "Ɗana, ban tambaye ka murya ba. Kana da kunne?" Sai ya tsayar da ni kafaɗa da kafaɗa da wani tsohon ɗan amshi, ya ce in rage sautina har sai na mutumin ya fi nawa ƙarfi a kunnena. Duk lokacin da na daina jin sa, to na yi yawa.

Watanni na yi a kan wannan kaɗai. Abu ne mai nauyi ga matashi, don kowa yana so a ji shi. A nan na gane cewa yawancin masu gocewa lafiyar maƙogwaronsu ƙalau, sauraro ne ba sa yi. Suna buɗe baki tun kafin karin ya zauna a kansu. Baba yana da dabararsa: ya ja baiti ya tsaya, ya hana kowa amsawa, ya ce kowa ya rera a zuciyarsa tukuna, sannan ya ɗaga yatsa mu shiga tare. Shirun nan na ɗan lokaci ya gyara mutane da yawa a gabana.

Inda Baba ba ya nan, wayar hannu ta tsaya mini. Nakan naɗi amshinmu in saurara da dare bayan yaran shago sun tashi. Kusan duk wanda ya fara jin muryarsa a naɗe yakan ƙi ta, kuma da dalili. Idan mutum yana magana, sautin yana isa kunnensa ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, shi ya sa yake jin ta da kauri fiye da yadda sauran mutane ke jin ta. Naɗin ya nuna mini daidai inda nake zamewa: ƙarshen baiti, lokacin da iska ta kusa ƙarewa, sai sautin ya sunkuya ƙasa.

Da na kai wa Baba wannan, sai ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin haƙarƙarina, ya ce in ja numfashi in ture hannun, kada kafaɗata ta motsa. Sannan in riƙe "aa" a sauti ɗaya, shi kuma yana jan carbinsa ƙwaya bayan ƙwaya. Da farko 'yan ƙwayoyi kaɗan yake ja in ƙare, muryar tana rawa, fuskata ta jiƙe da gumi. Bai taɓa gaya mini adadin ba, sai dai in ga yatsansa ya ƙara nisa a kan carbin. Ya kuma karɓi takardata ya bi ta da fensir yana ɗiga alama a wuraren da ake satar numfashi. Baitocin Ishiriniya suna da tsawo, wanda bai san inda zai sha iska ba zai yanke kalma biyu, ko ya tsaya inda ma'ana ta karye. Baba yana yafe gocewar sauti, amma ba ya yafe wannan, musamman a kan sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Wani darasin kuma daga maƙwabcin shagona na same shi, ɗan Asante ne mai gyaran keken ɗinki, yana cikin mawaƙan cocinsu. Su duk mako suke haɗuwa su yi gwaji, shekara ta zagayo ba fashi, kuma duk sabon shiga sai shugabansu ya gwada shi ya ajiye shi a ɗaya daga cikin rukuni huɗu, biyu na muryoyin sama, biyu na ƙasa. Wata rana ya ji ni ina bitar amshi a kan keke, ya leƙo ya ce da ni muryata ta ƙasa ce, ina ta bin ta sama. Maganar ta tsaya mini a rai. Murya daga tantani biyu take fitowa a cikin maƙogwaro, iska na ratsa su suna karkarwa. Na babban namiji tsawonsu yakan kama daga milimita 17 zuwa 25, na mace ya fi haka gajarta, kuma iya tsawonsu da kaurinsu, iya zurfin muryar. Wannan halitta ce, ba malamin da zai canja ta. To mu a wajenmu mai jan baiti shi ke ɗauko tsayin da ya yi wa maƙogwaronsa daɗi, kowa kuma dole ya hau ya same shi a can. Har yanzu ina tunanin yara nawa aka kora zuwa tafi alhali laifinsu ɗaya, an ɗauko musu waƙa a inda muryarsu ba ta kaiwa. Baba ya yarda in riƙa bin karin daga ƙasa, kuma tun daga lokacin mutane suka fara cewa amshinmu ya yi ciko.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta shafe mu 'yan Zango musamman. Hausarmu ta Gana ta sauƙaƙa wasu baƙaƙe a baki, su ƙ da ɗ da ɓ, kuma mukan gajarta inda mutanen Kano ko Sakkwato ke ja. A hira ba komai, kowa ya gane. A rubutacciyar waƙa kuwa kari a kan nauyin gaɓa yake tafiya, wata doguwa wata gajera. Haka malamai suka gina baitocinsu, har da namu na nan irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934. Ka gajarta doguwar gaɓa, baitin zai yi ɗingishi komai zaƙin muryarka. Na lura waɗanda suka zauna gaban malamin tajwidi sun fi saurin kama wannan, don an riga an koya musu lissafin madda da mafitar kowane harafi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ba wanda ke cewa tajwidi sai mai baiwa. Kowa ya san zama ake yi a koya, a gyara maka yau a sake gyarawa gobe. Da an zo kan rera bege sai mu ce ai ba a koyon sa.

Ban musanta baiwa ba. Abokin nan da ya ja ni cikin ƙungiya yana da wani amo a muryarsa wanda idan ya ɗauko, mata a bayan rumfa sukan fara guɗa tun bai kai rabin baiti ba, dattawa su sunkuyar da kai. Na fi shi yawan bita, kuma na san ba zan samu wannan amon ba. Rabonsa ne daga Allah, ina kuma taya shi murna da zuciya ɗaya. Sai dai da muka yi hira sosai na ji cewa mahaifiyarsa zabiya ce, da shi a goye take zuwa gidajen biki, kuma tun kafin ya shiga makaranta yake amsa mata waƙa a tsakar gida. Shekarun nan duk karatu ne, ba dai wanda ya lissafa su. Haka tarihin manyan makaɗan Hausa yake. Musa Ɗanƙwairo ɗan gado ne, a gidan kiɗa ya tashi, ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa yayansa, kafin ya zama shugaban kansa. Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba, amma tun yana yaro yake yin ta a dandalin Musawa, ya daɗe yana gogewa kafin duniya ta san shi.

Masu bincike ma sun auna abin. A 2022 masana a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa tagwaye sama da 1,000 a kan iya rera waƙa daidai. Sun samu cewa kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane daga jini yake, kusan wani kaso kamar haka kuma daga gidan da mutum ya tashi da abin da kunnensa ya saba ji. Akwai kuma waɗanda aka haifa ƙwaƙwalwarsu ba ta rarrabe hawa da saukar sauti sosai. Wani babban bincike na Jami'ar Montreal a 2017 ya ƙiyasta su a wajen kashi 1.5 cikin 100. Na taɓa zama da mutum ɗaya mai kama da haka, duk yadda aka yi karin bai zauna masa ba, amma tafinsa bai taɓa kuskure ba, shi ke riƙe mana lokaci. Mutum ɗaya ko biyu ke nan a cikin ɗari. Waɗanda muke rufe wa baki a unguwanninmu sun ninka haka nesa ba kusa ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Kula da murya ma koyon sa ake yi. A hunturun Disamba da Janairu iska ta bushe, ƙura ta cika gari, ga zaman dare har asuba, ga lasifikar haya mai ƙara wadda ke sa mutum ihu don ya ji kansa. Wata shekara muryata ta dishe ta ƙi dawowa. Likita ya duba ya ce tantanin ne ya kumbura, ya ce in huta, in yawaita shan ruwa, in bar yawan kakin maƙogwaro, in kuma bar raɗa, don raɗa ma wahalar da tantanin take yi. Zuma da citta da kanumfari da muke ɗurawa suna sanyaya maƙoshi, ina shan su har gobe, amma hanyar abinci suke bi, ba sa taɓa inda muryar take. Duk wanda dishewarsa ta wuce mako uku, ya daina jiran jiƙo, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee. Na ga masu murya irin ta abokina da suka ƙarar da ita tun ba su tsufa ba, saboda ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake ɗaga sauti ba tare da matse wuya ba.

Yanzu Baba ya manyanta, ni da wasu mutum biyu muke zama da yara daren Alhamis bayan isha'i a gaban shagona. Waɗanda na fi sa wa ido su ne masu shekara 13 zuwa 15, lokacin da murya ke fashewa ta sauka. Yaron da bara yake jan baiti ana yi masa liƙi, bana sai ya buɗe baki abokansa su yi dariya, da yawa daga nan suke bari har abada. Nakan mayar da su layin amshi na ƙasa, in hana su ƙoƙarin hawa, in gaya wa iyayensu su yi haƙuri muryar tana neman sabon mazauni ne. Damuwarmu yanzu wurin zama ce, gaban shagon ya yi mana kaɗan, da damina kuwa sai mu tashi. Mun nemi aron aji ɗaya a islamiyyar layin baya, muna jiran amsar shugabanta. Iyaye mata kuma sun matsa a kan 'ya'yansu mata, kuma matar Baba, wadda ta haddace baitocin nan tun tana budurwa, ta amince za ta riƙa zama da su ranar Asabar bayan la'asar a tsakar gidanta.