Bencinan Kantor a Krakow

Shekaranjiya na dawo daga Poland, har yanzu sanyin Krakow bai fita daga ƙasusuwana ba. Taron 'yan wasan kwaikwayo ne ya kai ni, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne Cricoteka, inda aka adana kayan Tadeusz Kantor, mai shirya wasan kwaikwayo ɗan Poland, a bakin kogin Vistula. A 2014 aka buɗe ginin, an ɗora shi a kan wani tsohon gidan wutar lantarki kamar an kifa masa tebur.

Ina shiga na yi turus. Ga tsofaffin bencina na katako, irin waɗanda muka goge da wandunanmu a firamare a Zariya, ga mutum-mutumin yara zaune, ido a kafe. Kayan wasansa ne na 1975, wanda ya kira Ajin Matattu: tsofaffi ne ke komawa aji, kowa ɗauke da 'yar tsanar da ke matsayin ƙuruciyarsa. Shi kuwa Kantor ba ya ɓuya a bayan labule. Sai ya tsaya cikinsu da baƙaƙen kaya, yana juya su da hannu a gaban 'yan kallo. Lokacin da Jamus ta mamaye Poland a Yaƙin Duniya na Biyu ma bai daina ba, a ɗakunan mutane yake shirya wasa a ɓoye. A 1955 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Cricot 2.

Mu a gida ina kayan wasannin da muka taso muna kallo? An gama wasa, an watse, gara ta cinye sauran. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Tsohuwar da na kama ɗaki a gidanta, da ta ji inda na je, sai ta dafa mini pierogi, wato kwaɓin fulawa da aka cusa wa cuku da dankali, ta ƙi karɓar ko sisi. Allah Ya saka mata. Amma mutanen titi, ka gaishe su sai su bi ka da kallo. Shayi kuwa a tsakiyar gari, in ka juya kuɗin zuwa naira, sai ka fasa sha.

Ranar ƙarshe na leƙa maƙabartar Rakowicki. Kantor ya rasu a Disambar 1990. A kan kabarinsa ma yaro ne zaune a benci.

Wielopole, garin da aka haife shi a 1915, lokaci bai bar ni na je ba.