Kwalkwali ya iso, na gode muku

Alhamdulillahi. Kwalkwali ya iso, wato kwafin tsohuwar hular yaƙin Coppergate da na sa a ƙera don yara makafi su taɓa, an yi taron yara ranar Asabar, an tashi lafiya. Sai yau na iya zama na rubuta wannan, don tun da aka watse jikina ya yi tsami, barci kawai nake yi.

Ku da kuka bi ni a wannan lamari, ba sai na maimaita muku labarin mutumin farko da na ba aikin ba, da kafin alƙalamin da ya karɓa, da abin da ya aiko min a kwali. Na bar shi da Allah. Wasu sun ce na haƙura na yi amfani da shi haka, wai wa zai gane? Yaran za su gane. Makafi ne, da yatsu suke gani. Ainihin kwalkwalin Coppergate yana cikin gilashi a Yorkshire Museum, ba mai taɓa shi. Tun ƙarni na 8 aka ƙera shi, zamanin masarautar Northumbria ta arewacin Ingila, kuma a 1982 motar haƙa ta ci karo da shi cikin wani rami mai katako a birnin York. In na miƙa wa yaro ƙarfen da aka liƙe da walda na ce masa haka mutanen Anglo-Saxon, wato mutanen Ingila na wancan zamani, suke ƙira, na yi wa yatsunsa ƙarya.

Godiyata ta farko ga Baba maƙeri ce. Ya roƙe ni kada na sa sunansa, don ya ce ƙarfinsa ya ƙare, ba ya son sabon aiki. Ranar da na fara kiransa, kafin maganar kuɗi sai ya tambaye ni yadda nake son zobban sulken da ke rufe wuya. Ya ce a na asali layi ɗaya an ɗaure bakin kowane zobe da 'yar ƙusa, layi na gaba an haɗe shi a wuta, haka har zobba kusan 2,000. Nan take hankalina ya kwanta. Sulken kamar wanda mahaya ke sawa a Hawan Daushe, sai dai wannan a wuya ya tsaya. Da hannu ya bugi faranti huɗu na saman kai, ya ɗaure su da ƙusoshi, ya fitar da dabbobin nan masu sarƙaƙiya a kan tagullar hanci.

Amma abin da ba zan manta ba daban ne. Wata rana cikin hunturu ina maƙerarsa, ga shi a nan Birtaniya rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4. La'asar na neman kufce min, ni kuma ina jin nauyin yin magana. Ya ga ina ta duba agogo. Ya ajiye guduma, ya ɗauki tsintsiya ya share wani lungu, ya shimfiɗa kwali mai tsabta, ya tambaye ni ta ina zan fuskanta. Sannan ya fita ya tsaya a waje cikin wannan sanyi har na idar, ƙarfen da ya sa a wuta ya huce. Da ya dawo ya ce, “'Yata, akwai rubutun Latin da ya ratsa saman kwalkwalin, addu'ar Kiristoci ce, da sunan Oshere a ciki. Ba zai dame ki ba in na buga?” Na ce, “Baba, buga shi yadda yake, amanar tarihi ce.” Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, amma ya san darajar nawa. Allah Ya saka masa da alheri, Ya ba shi lafiyar hannun nan da ya kumbura ana saura kaɗan a gama. Daren da matarsa ta kira ni kan maganar hannun ban runtsa ba. Jikarsa ce ta zauna ta ƙarasa sulken, yana gefe yana nuna mata. Allah Ya yi mata albarka.

Na san za ku ce kada na ambace ku, amma sai na faɗa. Yaya Babba, kai ka cike gurbin kuɗin da suka salwanta, ko tambaya ba ka yi ba. Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato, Ya raya maka zuri'a. Goggona ta Zariya da ta sa aka yi min saukar Alƙur'ani, Allah Ya ƙara nisan kwana, Ya kai ki Makka kuma. Malamar da ke duba aikina a jami'a, wadda ta ɗaga min wa'adi. Ɗan'uwanmu ɗan Maraɗi mai tasi da ya riƙa kai ni ƙauyen Baba maƙeri yana ƙin karɓar ko na mai. Matan masallacinmu da suka yi girkin taro. Allah Ya biya ku, Ya jiƙan iyayenku, Ya sa ku gama da duniya lafiya, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi.

'Yan'uwana na Manchester, na ajiye muku kujeru a layin gaba. Na san kun sha cewa me ya haɗa ni da hular yaƙin Turawa, na kuma san hidima ta yi yawa. Da kun zo ko na awa ɗaya, da na ji daɗi. Hotunan suna wajen Yaya Babba, ku tambaye shi.