Ɗakin da ba a tari a cikinsa

Asabar, bayan Isha'i.

Yau dai na shiga cikin Matrimandir, ginin zaman natsuwa da ke tsakiyar garin Auroville a kudancin Indiya. Tun jiya muka taso daga Chennai ni da abokin karatuna Batamile, muka bi hanyar bakin teku muka kwana a Puducherry. Ƙa'idar Auroville ita ce sai ka fara zuwa ka hango ginin daga nesa, ka kalli ɗan bidiyon bayani, sannan ka nemi izinin shiga a wata rana daban. Zuwan da muka yi a baya iyakarmu hange. Malaminmu na zanen gine-gine kuwa ya ce wanda bai zauna a ciki ba kada ma ya soma rubuta masa rahoto.

Da sassafe aka kwashe mu a mota daga cibiyar baƙi. Aka karɓe waya da jaka, aka ja mana kunne: ba magana, ba taɓa komai, wanda tari ya kama shi ya lallaɓa ya fita. Muka ratsa lambu a jere, jar ƙasa a ƙarƙashinmu, ga wani tsohon itacen banyan da saiwoyinsa suka sauko daga rassa suka kafu suka zama ginshiƙai. Can gefe akwai tulun marmara da matasa daga ƙasashe 124 suka zuba ƙasar garuruwansu a ciki ranar da aka buɗe garin, 28 ga Fabrairu 1968.

Daga waje ginin bai burge ni ba, har yanzu ma ban sauya ra'ayi ba. Ƙatuwar ƙwallo ce da aka ɗan danne daga sama, faɗinta mita 36, tsayinta 29, an lulluɓe ta da faya-fayan zinariya sama da 1,400. Da ka matsa kusa za ka ga kowane faifai ƙarfe ne da aka jera wa ƙananan gilasai, an matse ganyen zinariya a tsakaninsu. Aiki ne na gwanaye, amma ga wurin da aka ce na natsuwa ne, ƙyallin ya yi yawa. Roger Anger, Bafaranshen da ya zana shi, mutumin zamanin zuwa duniyar wata ne, kuma abin ya nuna.

Ciki wani labari ne daban. Mun tuɓe takalma, aka miƙo mana fararen safa, muka cusa bakin wando a ciki. Sai hawa. Hanyar da ke kai mutum sama gangare ce mai naɗewa a jikin ƙwallon, an shimfiɗe ta da farin kafet, hasken da ke ratso bango kuma ja-ja ne mai laushi. Ba yadda za ka yi sauri, na gabanka ba ya sauri. Na lura tun kafin mu kai ƙofa numfashina ya sauka. A nan na gane dabarar mai zanen: abin da ka zo da shi ake raba ka da shi ɗaya bayan ɗaya, waya, murya, takalmi, gaggawa, har ka isa sama hannu rabbana.

Ɗakin kansa fari ne fat. Bango goma sha biyu na farin marmara, farin kafet, ginshiƙai goma sha biyu sirara waɗanda ba su ma taɓa rufi ba, tsayuwarsu kawai suke yi. Ba hoto, ba gunki, ba fure, ba turare, ba mai wa'azi. A tsakiya an ɗora dunƙulen gilashi mai faɗin santimita 70 da aka yi a Jamus. Daga ƙololuwar rufi zaren hasken rana guda ɗaya ya sauko tsaye ya faɗa kansa. Madubi ne a saman ginin, kwamfuta na juya shi yana bin rana, don kada zaren ya kauce ko da ɗan yatsa. Hasken ba ya tsayawa nan, yana zarcewa ƙasa har wani tafki na marmara a gindin ginin.

Na samu matashi na zauna. Minti biyu ba a yi ba maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, abin da tun safe bai yi ba. Na haɗiye yawu, na ji ƙarar haɗiyar a kunnena, na tabbata matar da ke gefena ma ta ji. Wani can ya motsa gwiwa, ƙashin ya ce ƙas, ɗakin duka ya amsa. Daga baya abin ya lafa. Na yi ta tasbihi da gaɓoɓin yatsu, ban san sanda kimanin minti goma sha biyar ɗin suka ƙare ba sai da aka yi mana alama da fitila.

Matar da ta kawo wannan tunani, Mirra Alfassa, haifaffiyar Paris ce, abokiyar aikin malamin falsafa ɗan Indiya Sri Aurobindo, mabiyansu na kiranta Uwa. Ta ce ba ta son a mai da wurin addini, wurin tattara hankali ne kawai. An sa harsashi a 1971, ta rasu a 1973, ba a gama ba sai 2008. Duk da haka mai ido ya san akwai aƙida a jikin ginin: manyan ginshiƙai huɗu da ke ɗauke da ƙwallon sunayen allolin Hindu mata Maheshwari da Mahakali da Mahalakshmi da Mahasaraswati suke amsawa.

Mun yi gardama da abokina a kan farantin biryani a garin Kottakuppam da ke kusa, bayan na yi Azahar a wani masallaci a can. Na ce masa na taɓa jin irin wannan shirun a tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa, tsakanin Azahar da La'asar, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba rajista, kowa ya shigo. Ya yi dariya, ya tuna mini cincirindon masu ɗaukar hoto a wurin hange. Ya ce a Indiya in ka buɗe ƙofar nan kwana ɗaya, kashegari za a fara sayar da kwakwa da furanni a bakinta. Ban samu amsar ba shi ba, amma ban yarda shiru sai da tikiti ba, ko da tikitin kyauta ne.

Da magariba Hajiya ta kira. Na ba ta labari, ta yi jim.

"Kai, ba dai ɗakin gumaka ka shiga ba?"

"A'a Hajiya, ba komai a ciki. Haske ne kawai da gilashi."

"To me kuka je yi?"

"Zama."

"Zama? Tun daga Chennai? Allah ya shirye ka. Ka dai ci abinci ko?"

Rahoton ranar Litinin za a miƙa, kuma malam na son zanen tsagin ginin daga madubin sama har tafkin ƙasa. Motar komawa ƙarfe shida na safe ce.